Barkono, Motar Baba Tafinta

Ku ɗauke min tukunyar nan daga kan benci. Ba ta wankin noti ba ce, na faɗa muku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ku mayar da ita jikin ƙusarta, sannan ku zo ku zauna tunda yau ba mota a kan rami. Jiya ina jin ku kuna cika baki, wai kanikanci ba wani abu ba ne, a kwance tsoho a ɗaura sabo, mai mota ya kama gabansa. To, ni ma na taɓa ɗaukar aikin haka, kuma a lokacin hannuna ya fi na kowannenku sanin sifana. Abin da na samu a ƙarshe shi ne tukunyar nan da kuke son zuba wa baƙin mai.

A Kwantagora na koyi aiki, wurin wani maigida da ba ya maimaita magana. Shekarata ta farko ban taɓa cikin inji ba, sai wankin kaya da kananzir da miƙa sifana. In ya ce sha uku ka miƙa masa sha huɗu, ba zai zage ka ba. Zai ajiye ta gefe, ya ci gaba da miƙo hannu yana kallon wani wuri, har kunya ta ishe ka, ka gwammace mari. Ranar da ya sallame ni ya ba ni sifana shida, da filaya, da sukudireba mai kan katako, da wani jak da sai ka tokare mota da dutse kafin ka yarda ka shiga ƙarƙashinta. Da su na dawo Yelwa na kafa rumfa a bayan tasha.

Aikinmu a lokacin akori-kura ce mai kai busasshen kifi kudu, da kiya-kiyar Sakkwato, sai injin jirgi ranar kasuwa, in masunta suka kinkimo shi daga bakin ruwa yana ɗigar mai. Kantin kayan mota kuwa babu na kirki. Duk abin da ya wuce filogi da bel sai an yi saƙo Kaduna ko Anacha, ka zauna jiran direba ya tuna da kai. Don haka muka ƙware a juye. Juye shi ne ka ɗauko kayan wata mota ka zaunar da shi a jikin wata, ka yanka nan, ka yi walda can, har ya zauna kamar da shi ta zo. Wanda bai iya juye ba a Yauri ba ma kiransa bakanike. Akwai kuma wata al'ada tamu: duk abin da aka cire wa mota, in mai ita bai ce a ba shi ba, ya zama na gareji. A bayan rumfa ake tara shi. Baƙin ƙarfe na maƙera ne, alminiyam kuwa na masu zuba tukwane, su narkar, su kawo maka tukunya ɗaya ko biyu a madadinsa.

Shekarar da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, wata safiya ina kwance ƙarƙashin wata akori-kura ina fama da kuloci, na ji wani kuka yana tahowa daga wajen kasuwa. Ba irin na motocinmu ba ne. A ƙasa-ƙasa yake farawa kamar mutum na gyaran murya, in aka taka sai ya buɗe ya yi sama, tas, ba kwaramniya. Na san motar, duk Yelwa an san ta, amma ban taɓa jin ta a ƙofar rumfata ba. Barkono ake ce mata, saboda ja ce kuma 'yar ƙarama. Motar tsere ce ƙirar Italiya, kujera biyu, rufin tamfol da ake naɗewa baya, ga ta a ƙasa har in ka tsaya kusa da ita ba ta wuce ƙugunka ba.

Mai ita Malam Audu, amma ba wanda ke kiransa haka, sai Baba Tafinta. Bagunge ne, an haife shi a wani tsibiri da ruwan Kainji ya cinye bayan an datse kogi. Da Turawan Italiya suka zo ginin madatsar shi ya yi musu tafinta, kuma wani injiniya a cikinsu da zai koma gida ya bar masa motar. Tun daga nan tana hannunsa, sama da shekara ashirin, da bakanikenta guda, wani tsoho da ya yi aiki a madatsar. Tsohon ne ya rasu, shi ya sa aka zo wurina.

Ya fito, dogo, da farar riga da tabarau mai kauri. Ya ce, "Kai na Garba Kanike?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "An ce mani kana da hannu. Ni kunne nika biɗa. Buɗe ka gani."

Na ɗaga bonet, na tsaya. Inji fari fat, alminiyam tun daga kai har gindi, ga kafireta biyu a jere a gefe, kowace da baki biyu. Ni da na saba da baƙin ƙarfe da kafireta ɗaya. Na kai sukudireba zan murɗa, don kada a ce ban sani ba, sai ya riƙe min wuyan hannu. Ya zaro wani guntun tiyo daga ƙarƙashin kujera, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan ya kai bakin kafireta. Ya saurara, ya matsa na gaba, ya saurara. Sannan ya miƙo min.

Ya ce, "Ji numfashin wagga, ka ji na waccan. Ɗaya ta fi ɗaya jan iska. Sai sun zan daidai taka yin murya."

Wuni guda muka yi a kan sukurori huɗu. Ina murɗawa kaɗan-kaɗan, shi yana riƙe da tiyo idonsa a rufe, yana cewa ƙara, ko koma. Da la'asar injin ya daidaita, har ka ɗora kofin shayi a kansa ba zai zube ba. Ku da kuke jona na'ura ta faɗa muku ciwon mota, ban raina ku ba, amma ranar na san akwai aikin da kunne kaɗai ke yi.

Kada fa ku ɗauka motar arziki ce. Wallahi ban taɓa gyaran abin da ya wahalar da ni irinta ba. Wayoyinta sun tsufa, ka kunna fitila hon ya amsa, in aka yi ruwan sama kuwa sai ta yi kwana biyu tana fushi. Tsatsa ta ci ƙasanta har Baba na shimfiɗa katako a ƙarƙashin ƙafarsa. Salansarta na yi mata walda har na daina ƙirgawa, don da ta sauka daga kwalta cikinta ya fara gugar ƙasa. Gaskit da kwalin sukari nake yin sa, in ɗora a kan ƙarfen in bi gefe da ƙaramar guduma. Robar birki sai na sassaƙa ta wata mota da reza. In ta yi wata guda ba ta zo ba, nakan aika gidan a tambayo ko Baba ne ba lafiya.

Na taɓa ce masa, "Baba, me zai hana ka rabu da ita ka huta? Kwananta a rumfata ya fi kwananta a gidanka."

Sai ya miƙo min makulli ya zagaya ɗaya kujerar. Muka hau kwaltar Kwantagora da hantsi, rufi a naɗe. Kun san akori-kura, sai ka roƙe ta kafin ta juya. Wannan kuwa kafin ka gama tunanin kwana ta riga ta shiga. Da muka wuce gonakin bayan gari ya ce, "Taka ta, ba ta jin tsoro." Na taka. Kukan nan ya tashi, iska ta ɗauke min hula, ko waiwaye ban yi ba. Na dawo kai ba hula, kuma ban sake yi masa wannan tambayar ba.

Daga baya na gane dalilin da ya ba ni makullin. Idonsa ne ke tafiya. Ciwon nan ne da ke kama waɗanda suka tashi a bakin kogi, a hankali yake cin gani. Kafin shekara ta zagayo ya bar tuƙi gaba ɗaya. Sai ya zama in na gama gyara ni nake zagayawa da shi, ya kwantar da kai jikin kujera yana saurare. Sai ka ji ya ce, "Na ukku ba shi samun wuta." In muka tsaya na kwance filogi na uku, in tarar da shi baƙi ƙirin.

Yana da tafiya ɗaya a shekara wadda ba ya fashi. Lokacin da ruwan tafki ya ja baya, kafin farin ruwan damina ya sauko ya sake cika shi, kan tsibirinsu yakan ɗan leƙo da kututturan itatuwa. Akwai wani tudu kusa da Wara inda ake hango wurin. Can yake zuwa a Barkono ya yi wa iyayensa addu'a, tunda kaburburansu na ƙarƙashin ruwan. Shekarar da na fara kai shi, da muka isa na kashe mota. Ya ce in sake tayarwa.

Ya ce, "Bar ta ta yi magana. Ban ganin tsibirin, Garba, ban ganin jan jikinta. Abin da yar rage mani muryatta ta. In na ji ta nan wurin, na san inda nike."

Muka zauna injin na aiki a hankali, masunta na wucewa a jirage suna ɗaga mana hannu.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Ku ba ku san ta ba. Gidajen mai a rufe, motoci a jere kwana da kwanaki, masunta suka koma filafili saboda ba abin zuba wa inji. Sai in wuni ban ɗaga bonet ba, ina zaune ina goge sifanun da ba su yi datti ba. Man da ake samu na 'yan bumburutu ne a galan, rabinsa kananzir. Akori-kura ta sha, ta yi tari, ta wuce. Barkono ba ta da irin wannan cikin.

Da lokacin tafiyar Wara ya zo na ce wa Baba a bari sai baɗi. Ya ce ba shi da tabbacin baɗi. Ranar ina da wani injin jirgi da na yi alkawari, don haka ɗansa Malam Sani ya tuƙa shi. Malam Sani ma'aikaci ne, yana cikin waɗanda aka mayar Birnin Kebbi da aka yi sabuwar jiha, ya zo hutu. Ya sayi mai a bakin tasha ya juye mata. Ba su kai Wara ba. A wani hawa, bayan sun bar kwalta, injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, zafi ya hau, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu. Wurin ba gari, ba inuwa. Tsohon ya wuni a rana tun hantsi har la'asar, kafin wasu manoma Kambari su zo da shanun huɗa su ja motar zuwa ƙauyensu. Da aka dawo da shi Yelwa sai da ya yi sati biyu a kwance.

Da na buɗe injin na tarar fistin biyu sun huje, kan injin kuma ya tsage tsakanin bawul. Gangar jikin injin lafiya lau, ko ƙwarzane babu. To amma ina zan samu kai? Na yi saƙo Kaduna, na yi Anacha, na yi Ikko. Wani direba ya kawo min na wata mota daban yana rantsuwa shi ne. Na gwada walda, ta riƙe kwana ɗaya ta sake buɗewa. Wata takwas motar na rumfata a rufe, har kaji suka fara ƙwai a kujerarta. Duk Juma'a bayan masallaci Baba zai sa a biyo da shi, ya shafa bonet, ya ce, "Garba, yi ƙoƙari in ji ta kafin ruwa shi ja." In ce, "In sha Allahu, Baba."

Wata rana Malam Sani ya zo shi kaɗai. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauka da mugunta ya zo. Ya ce, "Malam Garba, ni na ga tsohon nan ranar, leɓensa ya bushe, yana lalube yana neman inuwar mota. Ba zan sake ganin haka ba. Kuma na san shi, ko da tari ta tashi sai ya ce a tafi Wara. Ka sa mata injin da ba zai mutu a daji ba. Kai ne sarkin juye a garin nan."

Na ce, "Baba ya sani?"

Ya ce, "In muka tambaye shi ba zai yarda ba. Ka gama, mu kai masa ita tana tafiya. Jikin motar dai nasa ne."

Nan ne ya kamata in tsaya. Ni na riƙe tiyon nan tare da shi, ni na ji abin da ya faɗa a kan tudun Wara, ba Malam Sani ba. Amma aiki ya yi min ƙaranci, ga shi an kira ni sarkin juye, kaina ya kumbura. Na ce a raina mota ai tafiya ce.

Injin wata akori-kura muka samu da ta faɗi a hanyar Koko. Aikin kuwa, in faɗa muku gaskiya, ban taɓa yin juye mai kyau irinsa ba. Injin ya fi wurin tsawo, na matsar da lagireto gaba. Na yanka masa sabon mazauni, na yi farantin da zai haɗa shi da giyabos, na huda rami takwas da hannu, ko ɗaya bai kauce ba. Bonet ya ƙi rufuwa, na rage wuyan kafireta. Sati uku na yi a kai. Ranar da na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Kanikawan tasha suka zo kallo, ana ta jinjina min.

Tsohon injin kuwa na sa aka mirgina shi bayan rumfa, da kafiretocinsa da komai. Malam Sani bai ce a ba shi ba, ya koma Birnin Kebbi. Bayan kwana kaɗan sai ga Mamman mai zuba tukwane yana zagayen da ya saba. Ya ƙwanƙwasa injin, ya ce bai taɓa ganin alminiyam mai tsabta irin wannan ba. A lokacin tukunyar gidana ta huje, maiɗakina ta ishe ni da magana. Na ce ya ɗauka. Ko tunani ban yi ba, don haka muke yi kullum.

Ranar Asabar Malam Sani ya dawo, muka wanke ta, muka nufi gidan Baba da hantsi. Yana zaune a zaure kan tabarma, ga wani buhu a gabansa ya dafa shi da hannu biyu. Na tsaya a ƙofar gida na bar injin na aiki, na ɗan taka sau biyu don ya ji.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Akori-kurar wa ta nan ƙofar gida?"

Malam Sani ya ce, "Baba, Barkono ce. Malam Garba ya tashe ta."

Baba ya ce a kama shi. Muka kai shi jikin motar. Ya shafa ƙofa, ya shafa madubi, ya bi bonet da tafin hannu har ya tsaya a tsakiya inda injin ke karkarwa. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Jikin nata na. Garba, ina muryatta?"

Malam Sani ya fara bayani, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Na ji, Sani. Tsoro kaj ji, ban ga laifinka ba. Ba komi, injin da anka ɗaura ana iya kwance shi. Garba, zo buɗe buhun ga."

Na buɗe. Kan inji ne, fari, an naɗe shi da tsumma, ga fistin huɗu a cikin kwali. Ashe tun watanni ya sa an rubuta wa wani tsohon abokin aikinsa a Bussa, wanda ya san inda 'yar'uwar Barkono ta mutu a bayan wani gida tun zamanin Turawan. Jiya-jiyan nan jirgin 'yan kasuwa ya kawo saƙon.

Ya ce, "Ga kai ya samu. Kai kac ce gangar jikin lafiya take. Kwana nawa za ka ɗauka? Ruwa ya fara ja."

Na ce ina zuwa. Na bar motar a nan, na tafi da ƙafa, har da gudu, ni da girmana, zuwa bayan kasuwa inda su Mamman ke aiki. Tun daga nesa na hango tukwane a jere a rana, sababbi, suna ƙyalli. Mamman ya taso da murna, ya ce dama yau zai kawo min tawa. Shekaranjiya suka fasa injin da guduma suka narkar. Ya nuna min abin da bai narke ba, karanshaf da 'yan noti, a cikin toka. Na zauna a kan wani dutse. Tunda nake ban taɓa jin baƙin ciki da kunya irin na ranar ba.

Na so in yi ƙarya in ce an sace, har na shirya ta a hanya. Amma mutumin da ke jin filogi na uku daga kan kujera ba za ka yi masa ƙarya da baki ba. Na shiga zauren da tukunya a hannu, na durƙusa, na faɗa masa komai, tun daga zuwan Malam Sani har bayan rumfa. Malam Sani ya kasa tsayawa, ya fita waje.

Baba ya miƙo hannu, na ɗora masa tukunyar. Ya shafa bakinta, ya shafa gindinta, ya ɗaga ta kusa da kunne ya ƙyasta mata farce. Ta yi 'yar ƙara ta ɗauke. Ya sake ƙyastawa. Sannan ya ajiye ta kusa da buhun.

Ya ce, "Ƙarfe mai kyau na. Tuwo ba shi kamawa cikinta."

Na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma da ka tambaye ni. Gidana ba shi da nisa da rumfarka."

Ruwa ya ja baya a shekarar, ya dawo, Baba bai je Wara ba. Malam Sani ya roƙe shi, ni ma na roƙe shi, ya ce a akori-kura ba ya sanin inda yake. Bai sake shiga motar ba. Ni kuwa na je Bussa da kaina, na tarar gangar injin waccan ta fashe tun da daɗewa, shi ya sa kai kawai aka aiko. Na ci gaba da saƙo ko'ina. Ban samu ba har Allah ya yi masa rasuwa bayan girbi.

Motar kuwa, ku ji abin haushi, ba ta sake mutuwa a hanya ba. Malam Sani ya sayar wa wani ɗan kasuwa a Jega, ta yi shekaru tana tafiya lafiya lau, ana yabon hannuna. Duk wanda ya yabe ni a kanta sai in ji kamar ya zage ni.

Bayan sadakar bakwai Inna, matar Baba, ta aiko a kira ni. Ta fito min da tukunyar da guntun tiyon nan. Ta ce ba a taɓa ɗora ta a wuta ba, a gefen shimfiɗarsa take, wani lokaci takan ji yana ƙyasta ta. Ya bar wasiyya a ba ni su, wai ni kaɗai na rage a Yelwa da na san yadda Barkono take kuka in an taka ta.

Shi ya sa kuke gani in mota ta shigo nake tsayar da mai ita da tambayoyi, kuna zumɓura baki kuna cewa tsoho na ɓata lokaci. Shi ya sa kuma ba abin da ke zuwa bayan rumfa sai mai shi ya ce da bakinsa a kai. Kwance inji ba wuya, kowannenku zai yi kafin azahar.

Har yau in na ji wata mota ta buɗe murya daga nesa a kwaltar Kwantagora, nakan ajiye sifana in saurara. Na san ba ita ba ce, amma sai na saurara. Ina son in sake jin ta ko sau ɗaya, in ɗauki tsohon in kai shi tudun Wara in bar ta tana aiki. Wani lokaci da safe kafin ku zo nakan ƙyasta tukunyar, ta yi 'yar ƙararta ta ɗauke. Ku rataye ta da kyau, ƙusar ta fara sassautawa.